Injin Wanki Ranar Suna

Kebbe,
Talata, 13 ga Agusta.

Zuwa ga maigidana, Malam Nasiruddeen.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Tambuwal lafiya, ka kuma tarar da Inna da sauran mutanen gida cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ɗiyarka Ummi tana shan nono sosai, cibiyarta ta warke. Ni ma ƙarfi yana dawo mini a hankali. Na gaishe ka ne don haka aka koya mana buɗe takarda, ba don zuciyata tana da sanyi ba.

Tun shekaranjiya ake kiranka ba ka ɗauka. Ka san a gidanmu sai an hau tudun bayan masallaci ake samun sabis, mai jego kuwa ba ta fita. Ƙanwata Zulaihat nake ba wayata, ta hau tudun cikin ruwan sama, wayarka ta yi ta ƙara har ta katse. Shi ya sa na yago takarda daga littafin darasin 'yan ajina. Malami direba zai kawo maka, na kuma roƙe shi kada ya baro wurinka sai ya ga ka buɗe.

Bari in tuna maka ranar da aka sayi injin wankin nan, tun da alama ka manta. Ranar da muka je Sakkwato aka yi mini hoton ciki ce, ina wata bakwai, ƙafafuna a kumbure, ka zaunar da ni a benci cikin shagon dattijon nan mai farin gemu. Injuna uku ya fito maka da su. Na lantarki ya ce ka manta da shi, tun da wutarmu sai ta ga dama take zuwa. Saura biyu masu shan fetur. Ya dafa ƙaramin ya ce wannan ya ishi mai wankin babura da ƙananan motoci, ba ya cin ruwa, ba ya cin fenti. Ya dafa babban ya ce wannan na masu tirela ne da motocin gyaran hanya, waɗanda laka ke daskarewa a jikinsu kamar siminti. Ya tambaye ka me kake wankewa, ka ce babura da ƙananan motoci. Ya ce to ɗauki ƙaramin. Sai ka ce ai Maccido, wanda ya buɗe wurin wanki a tsallaken titi yana kallon naka, ƙaramin gare shi, don haka kai babba za ka ɗauka. Mai kaya yana hana ka sayen wanda ya fi tsada, kana yi masa gardama! Na taɓa ka da ƙafa, ka janye taka.

Da ya ga ba za ka ji ba, sai ya zazzage kawunan bindigar ruwan a tafin hannunsa, guda biyar, kowane da launinsa. Baƙi na sabulu ne. Fari da kore na jikin mota. Rawaya na taya da ƙarƙashin mota. Ja kuwa ya ɗaga shi sama ya ce wannan ba wanki yake yi ba, yanka yake yi. Na kankare tsatsa ne da siminti, kada ya kusanci fenti, kada ya kusanci inji, kada ya kusanci ɗan Adam. Ya ce ka riƙa ja da baya daga jikin mota, ka fara gwadawa a inda ido ba ya gani, ka kuma sa takalmi rufaffe. Duk na rubuta a bayan katin asibitina, don na ga idonka yana kan ƙyallin injin, kunnenka ba ya wurin. Da muka dawo na miƙa maka, ka yi dariya ka ce mu malaman makaranta komai sai mun mai da shi darasi.

To, wa ya ce ka zo da inji wurin suna? Mutane suna zuwa da goro da dabino, kai ka ɗauro inji har Kebbe. Na san dalili. So kake dangina su ga ɗiyarsu ba mai bokiti da tsumma ta aura ba. Wa ya taɓa raina ka a gidan nan saboda bokiti? Da bokitin nan a hannunka Baba ya ba ka ni, bai tambaye ka inji ba.

Ina cikin ɗaki mata sun kewaye ni na ji inji ya tashi, har Ummi ta firgita. Abin da ya biyo baya Zulaihat ce ta gani ta faɗa mini, kuma ba ta ƙarya. Ka wanke baburan baƙi da suka sha lakar hanya, ana ta yaba maka, kanka ya kumbura. Sai ka juya kan akori-kurar Baba. Ya ce maka, "Bar ta, Nasiru, wagga tsohuwa ba ta son ruwa da yawa." Ka ce kyauta ce ta ranar suna. Laka ta ƙi fita da sauri, mutane suna kallo, sai ka cire koren kai ka sa ja.

Ka san abin da ke rubuce a murfin bayan motar nan, ka kuma san wanda ya rubuta. Yaya Siddiƙ ne, shekara guda kafin ciwon da ya ɗauke shi. Kwana uku ya yi a tsugune da ɗan burushinsa yana zana "Allah Ya Kai Mu, Allah Ya Maido Mu" da koren fenti mai gefen rawaya, ya sa zabi biyu a kowane ɓangare. Shekara shida ke nan Baba bai bar kowa ya wanke wurin nan ba. Shi da kansa yake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma duk ranar Juma'a, ka sha gani da idonka. Ja ɗaya ka yi, fenti ya tashi kamar ɓawon albasa. Maimakon ka kashe inji, sai ka sake bi wai ka daidaita. Abin da ya saura yanzu rabin zabo ɗaya ne da haruffa uku.

Ko a nan da ka tsaya ka durƙusa, da an ce tsautsayi. A'a. Don a daina kallon baya sai ka zagaya gaba, ka buɗe murfin inji ka sa masa ruwa. Bakanike ya zo jiya ya ce lagireto ya huje a wuri biyu, ruwa ya cika kafireto, wayoyi sun jiƙe. Motar da take kai matan unguwar nan da kayansu kasuwa ga ta nan ƙofar gida kamar gawa. Da safiyar nan Baba da kansa ya bi su gida gida yana ba su haƙuri.

Kai kuwa kafin la'asar ka ɗaure injinka ka tafi. Ba sallama, ba ka shigo ka sake duba ɗiyarka ba. Zulaihat ta ce ta ga kana ɗingishi. Na ce mata ɗingishin kunya ne.

Baba bai ce uffan ba har yau, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ɗazu na leƙa ta zaure na hango shi tsaye a bayan motar, yana bin wurin da rubutun yake da yatsa. Ni ce na kawo ka gidan nan. Kowace mace ta shigo barka sai ta kalle ni ta kau da kai.

Ka zo. Ba na son aike, ba na son saƙon baki. Ka zo ka zauna gaban dattijon nan ka faɗi abin da ka yi.

Ka gaida Inna, ka ce mata takwararta tana gaishe ta. Wassalam.

Matarka,
Mu'minatu.


Kebbe,
Juma'a, 16 ga Agusta.

Zuwa ga maigidana.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ummi lafiyarta ƙalau. Yadda na saba, da na ce ina fatan kana lafiya, amma yau na san ba lafiya kake ba, kuma ba daga bakinka na ji ba.

Malami ya dawo jiya da dare, da safiyar nan ya kawo mini amsarka. Wai fentin dama ya tsufa, ko ruwan sama ma zai iya ɗauke shi, kuma za ka turo mai fenti daga Tambuwal ya rubuta wanda ya fi na da kyau. Wanda ya fi na da kyau! Ka ji kanka kuwa? Hannun yayana da ke cikin kabari za ka turo wani ya fi? Da na ji wannan saƙo, wallahi na yi niyyar in ce wa Baba bayan arba'in ma ina nan.

Sai na lura Malami yana magana yana kallon ƙasa, yana murza makullin mota. Na san shi tun muna yara, bai iya ɓoye abu ba. Na ce masa ya dubi girman Allah ya faɗa mini me ya gani. Ya ce ka sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Na ce alkawarin da zai kashe mutum ba alkawari ba ne. Sannan ya faɗa.

Ya ce wurin wankinka a rufe yake tun Litinin. Ya same ka kwance a rumfar baya, ba a gida ba, don kada Inna ta gani. Ka ce mata ka tafi Jabo wankin taraktocin wani Alhaji. Jikinka zafi kamar garwashi. Ƙafarka ta dama naɗe da tsumma, ta kumbura har idon sawu, yatsu biyu sun yi baƙi, kuma tun daga bakin rumfa ya ji wari. Ya ce ranar sunan, bayan motar ta ƙi tashi, kana ta kai da kawowa cikin silifas, laka ta ɓata maka ƙafa, ka juya bindigar ka wanke, jan kan nan yana jiki. Ɗan huji kawai ta yi kamar na allura, jini ma bai fito sosai ba, shi ya sa ka ɗauka ba komai. Kwana biyar ke nan kana shafa man zafi kana haɗiyar ƙwayoyin kemis.

Malam Nasiru, wace irin zuciya ce gare ka? Na yi ta zaginka a raina cewa ka gudu don tsoron Baba, ashe ƙafa ka ja ka tafi ka ruɓe a ɓoye don kada a ce inji ya fi ƙarfinka. Ka gwammace ka mutu a rumfa da Maccido ya ji labari. Yarinyar da ba ta cika sati biyu a duniya ba, so kake a riƙa nuna mata hoto ana cewa ga babanki? Ni kuma fa? In fita daga wankan jego in shiga takaba saboda girman kai?

Na aiki Zulaihat wurin ma'aikaciyar jinyar da ta karɓi haihuwata, ta kwatanta mata. Matar ta ce irin wannan rauni ruwa ne da datti ke shiga can ƙarƙashin fata su bazu, bakinsa ƙarami, ɓarnarsa a ciki, ba a kwana da shi ko ɗaya. Ta ce a wuce da kai Sakkwato yau, kada a tsaya ko'ina.

Ba ni da yaya namiji da zan aika, ka san inda yake. Ƙanenka suna Legas. Inna tsohuwa ce. Don haka na ɗauki Ummi na shiga wurin Baba, na durƙusa na faɗa masa komai, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Tun yaushe shika kwance?" Na ce tun Litinin. Ya miƙe ya ɗauki hularsa. Motarsa ka kashe, Malami kuma sai gobe zai fita, don haka ɗan kabu-kabu aka kira. Mutum mai shekara sittin da takwas, mai ciwon baya, zai hau babur a kan hanyar nan da ka san yadda damina ta mai da ita.

Yana tsaye a zaure yana jira in gama. Shi zai miƙa maka wannan takarda da hannunsa. In ka ga dama ka ce masa tsohon fenti ne. Amma duk abin da ya ce ka yi, ka yi. In ka yi masa gardama a kan zuwa asibiti, kada ka sake neman ganina.

Allah ya ba ka lafiya, don ina da sauran magana da kai.

Mu'minatu.


Kebbe,
Asabar, 31 ga Agusta.

Zuwa ga maigidana, a gadon asibiti, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya jiki? Ya ƙarfin hali? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ina gaida Inna da take zaune da kai, Allah ya saka mata. Ummi ta fara bin mutum da ido. Goshinka ta ɗauko, ina roƙon Allah ya tsaya a goshin.

Baba ya dawo ran Laraba, bayan kwana goma sha biyu yana kwana a tabarma a barandar asibiti. Ya rame, bayansa ya tashi, sallah ma a zaune yake yi. Ya faɗa mini an shiga da kai tiyata sau biyu, an cire yatsu biyu, likita ya ce da an ƙara kwana biyu da daga gwiwa za a yanke. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka har nono ya jiƙa mini riga. Na yi wa Allah godiya. Kada ka ɗauka kukan nan ya wanke maka laifi.

Abu biyu na ji, kowane ya fi ɗan'uwansa ɓata mini rai.

Na farko, ka aika wa Malami ya nemo mai sayen injin, wai abin nan ba alheri a cikinsa, tun da ya shigo hannunka ba ka ga daidai ba. Har kana cewa ko an yi maka baki ne. Babu wanda ya yi maka baki. Inji ƙarfe ne, inda aka nuna shi nan yake bi. Shi ya hau mota ya kai kansa Kebbe? Shi ya zaɓi jan kai? Shi ya sa maka silifas? Jiya tsohon fenti ne mai laifi, yau inji, gobe kuma sai ka ce ni ce da na haihu a damina. Na hana Malami. In ka sayar da shi da wannan magana a bakinka, ka sayar da darasin da ka biya da yatsu biyu, ka tashi a tutar babu. Kuma da me za ka ciyar da mu? Da ƙafar nan za ka koma jan ruwa da bokiti?

Na biyu, na tambayi Baba ko a cikin kwanakin nan goma sha biyu ka roƙe shi gafara. Ya ce, "Shina jin kunya, Mu'mina, bar shi." Wato ba ka yi ba. Mutumin nan ya ɗauke ka a kafaɗa daga rumfa zuwa mota. Ya riƙe maka tasa kana amai. Ya sa hannu a takardar tiyata a matsayin ubanka. Inna ta gaya wa Malami duk lokacin da ya shigo sai ka juya fuska bango ka yi kamar barci kake. Kunya ce wannan? Kunyar da take hana mutum gyara ɓarnarsa ba ta da bambanci da girman kai, riga kawai ta sake.

Bari ka ji halin da ake ciki a nan, tun da ba ka tambaya ba. Motar ta yi sati biyu da kwana biyar a kwance. Jiya aka samo lagireto na hannu aka ɗaura, ta tashi, amma tana tari. A tsakanin nan matan da suka shekara goma suna bin Baba sun koma wata mota, wasu za su dawo, wasu ba za su dawo ba. Mai fentinka kuma ya zo, da gwangwanayensa da burushi, ya ce kai ka turo shi tun kafin a kai ka asibiti. Baba ya ba shi ruwa da fura, ya biya masa kuɗin babur, ya ce ya koma. Ya ce, "Hannun da ya rubuta ba shi nan. A bar wurin haka." Ya sa an shafa man hana tsatsa kawai. Wannan magana ta ƙare, kada ka sake tayar da ita, babu abin da za ka iya mayarwa a wurin.

Ran Juma'a goma sha uku ga watan gobe nake cika arba'in. Na san al'ada, za a turo gwaggonka da turmin atamfa da goro a ɗauke mu. Kada a wahalar da ita. Likita ya ce nan da kwana goma za a sallame ka da sanda. Ka zo da sandar. Ka shigo ta ƙofar da ka fita ba sallama, ka zauna gaban Baba, ka kalle shi, ka ce ka yi laifi. Ba tsautsayi ba, ba ƙaddara ba, ba sharrin inji ba. In ka yi, ni da Ummi za mu bi ka ko a ƙafa ne. In ba ka yi ba, akwai makarantar firamare a Kebbe ma, kuma suna neman malama.

Ba don na daina sonka nake faɗar wannan ba. Da na daina, da ban ɓata takarda uku ba.

Ka riƙa cin abinci, ka sha magani a kan lokaci. Na aiko maka da yaji da dakakken ƙuli, a ba Inna ta ajiye.

Matarka,
Mu'minatu.


Tambuwal,
Lahadi, 20 ga Oktoba.

Zuwa ga mahaifina, Malam Atu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga mahaifi, tare da fatan kana lafiya, bayan kuma ya yi sauƙi. Ina gaida Zulaihat da duk mutanen gida. Ya aikin girbi? Malami ya ce gero ya yi kyau bana, Allah ya sa albarka. Jikarka tana lafiya, ta fara dariya da sauti. Inna tana gaishe ka ƙwarai.

Baba, ka yi mini afuwa, akwai abin da na kasa faɗa a gabanka ranar da muka taho. Lokacin da Malam Nasiru ya zo da sandarsa ya zauna a zaure, ina bayan ƙyaure ina saurare. Na ji ya ce, "Baba, na yi laifi, ka hana ni ban hanu ba." Yana shirin ci gaba, sai ka katse shi ka ce ya isa, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ka sa aka kawo masa fura. Na ji haushinka a ranar, Baba. Na so ka bar shi ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya har ya gama. Kwana talatin da uku ina jiran maganar nan, kai kuma ka karɓi kanta ka yafe masa sauran. Na san ka fi ni sani, na kuma san haƙƙinka ne ba nawa ba. Amma ni ban kai inda ka kai ba. Akwai ranakun da nake ajiye masa abinci ba na iya zama mu ci tare.

Ga labarin wurin wanki, tun da ka ce in riƙa sanar da kai. An buɗe sati uku da suka wuce. Ba a sayar da injin ba. Dattijon mai shagon Sakkwato ya rage masa ƙarfi, ya kuma sa matata a bakin tiyo don yashin rijiyarmu. Malam Nasiru yana aiki da takalmin roba mai dogon wuya, an cusa auduga a inda yatsun suke. Ba ya iya daɗewa a tsaye, akwai benci kusa da shi. Masu babura sun fara dawowa. Maccido ma, wanda saboda shi aka yi duk wannan, ya tsallako ya yi masa sannu, yanzu in babbar mota ta zo masa sai ya turo ta nan, tun da injinsa ba ya iya mata. Kwana biyu maigidan bai iya haɗa ido da shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru ran Alhamis. Na taso daga makaranta na biya in kai masa abincin rana. Akwai wani direban tifa mai suna Tambaya, babban mutum mai iyali, ya kawo motarsa. An gama wanke ta, Malam Nasiru ya zauna a benci yana hutawa, inji yana kunne, bindigar tana jingine da duro. An kira azahar. Tambaya ya tuɓe takalmi, ya ɗauki bindigar zai ɗauraye ƙafarsa kafin alwala.

Ban taɓa jin maigidana ya yi irin wannan ihu ba. Ya zabura ya manta da sanda, ya faɗi a cikin ruwa, ya ja jiki ya kashe injin. Tambaya ya fusata, ya ce don ɗan ruwan da bai kai buta ba za a yi masa tsawa gaban jama'a kamar yaro? Mutane suka taru, masu shayi, masu faci, har da Maccido daga tsallake. Na tsaya da kwano a hannu ina jiran in ga ko zai ƙirƙiro wani dalili kamar yadda ya saba.

Baba, ƙafar nan ko ni ba ya so in gani. Da safa yake kwana. Amma a zaune cikin ruwan nan ya cire takalmin, ya cire safar, ya miƙe ƙafar gaban kowa. Ya ce, "Duba nan, Malam Tambaya. Ba mota ta taka ni ba, ba ciwon suga ba ne. Ni na yi wa kaina da wannan bindigar, don an faɗa mini ban ji ba." Tambaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye bindigar a hankali kamar mai ajiye maciji, ya kama shi ya tayar, ya je ya nemo buta.

Na matsa kusa da maigidana. Na ba shi zanen goyon Ummi ya goge jikinsa, na buɗe kwanon. Ya matsa mini a bencin, na zauna, muka ci.

Ban ce na huce ba, Baba. Amma na ga ya kamata ka sani.

Ka sa mu a addu'a. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Ɗiyarka,
Mu'minatu.